Yadda ma'aikatan jinya za su gane majinyacin da ciwo da rashi suka haɗu a kansa

A ɗakin kwanciya mai gado talatin da ma'aikatan jinya biyu a aikin dare, ba kowa zai samu lokaci iri ɗaya ba. In ba a zauna an tsara wanda za a fi sa wa ido ba, lokacin yakan tafi wajen wanda 'yan uwansa suka fi ɗaga murya, ko wanda ya san wani a asibitin. Tsohuwar da ke gadon ƙarshe, wadda duk aka gaishe ta sai ta ce "da sauƙi", ita ake sallama ranar Alhamis, ta dawo bayan kwana goma da gyambo a baya da ƙafafu a kumbure. Irinta ake so a gane tun ranar da ta shigo, cikin awa 24 na farko, domin abin da za a shirya mata yana ɗaukar kwanaki.

Wa ake nema

Ana neman mutumin da abu biyu suka haɗu a kansa: ciwo mai buƙatar kulawa kullum, da gida wanda ba zai iya ba da kulawar ba. Mai ciwon suga da ke da albashi da firji da ɗa mai karanta masa takardar magani, ciwonsa yana da nauyi, amma yana da abin ɗaukar nauyin. Bazawarar da ta zo da zazzaɓin cizon sauro ba ta da ko sisi, amma kwana uku na magani zai tashe ta. Wanda ke zamewa daga hannu shi ne mai allurar insulin da ke cin abinci sau ɗaya a rana, ko mai shanyewar ɓarin jiki da jikarsa 'yar shekara goma sha biyu ce kaɗai ke juya shi. A Amurka an daɗe da lura cewa kusan kashi 5 cikin 100 na jama'a ne ke cinye kimanin rabin kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya, shi ya sa asibitocinsu suka duƙufa neman irin waɗannan mutane da kwamfuta. A nan takarda ɗaya da biro da minti ashirin sun isa.

A fara da folda

Kafin a je bakin gado, a ɗauki minti biyar a duba folda. A ƙirga cututtukan da ba sa warkewa gaba ɗaya: hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, sikila, asma, farfaɗiya, cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon daji, taɓin hankali. Biyu ko fiye alama ce. A ƙirga magungunan da yake sha kullum, biyar zuwa sama alama ce. A duba sau nawa aka kwantar da shi a wata shida da suka wuce, da ko ya taɓa sa hannu ya tafi ba da yardar likita ba.

Akwai ma'aunin da ake kira LACE, wanda aka fitar a Kanada a 2010. Yana haɗa tsawon kwanciya, da ko ta gaggawa aka shigo, da yawan cututtuka, da yawan zuwa sashen gaggawa a wata shida. Makinsa daga 0 zuwa 19 ne, kuma 10 zuwa sama na nuna haɗarin dawowa asibiti ko mutuwa cikin kwana 30 bayan sallama. Yana da amfani, sai dai a asibitocinmu yana ruɗi ta hanya biyu. Na farko, talaka ba ya zuwa sashen gaggawa sau huɗu, kemis yake zuwa ko wurin mai maganin gargajiya, har sai abin ya ci tura. Saboda haka a tambaya da baki: "Baba, tun daga ƙaramar salla zuwa yanzu, sau nawa ciwon ya kayar da kai har aka sa maka ruwa ko aka yi maka allura, ko a ina ne?" Na biyu, tsawon kwanciya a nan sau da yawa labarin aljihu ne. Wani ya yi kwana biyu ya tafi don kuɗi sun ƙare, makinsa zai fito ƙasa alhali shi ya fi kowa haɗari.

Maganin ma a gan shi da ido. A ce wa mai jinya ya kawo ledar maganin gida duka, har da na kemis da jiƙe-jiƙe. A cikin ledar ne ake samun diclofenac ko ibuprofen a hannun mai ciwon ƙoda ko ciwon zuciya, waɗanda ke ƙara lalata ƙoda da tara ruwa a jiki. A nan ake ganin magani ɗaya da suna biyu ana shan duka biyun, ko katin ƙwayoyin wata ɗaya da aka saya wata uku da suka wuce bai ƙare ba.

Abin da jiki zai iya yi

Sunan cuta ba ya faɗin yawan aikin da majinyaci zai ba mai kula da shi. Abin da ke faɗa shi ne ayyuka shida na ma'aunin Katz: wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da ci da hannunsa. Kowanne in yana yi shi kaɗai maki ɗaya ne. Wanda ya samu 2 ko ƙasa da haka ba za a bar shi ba mutum ko na rabin yini. A lura cewa a yawancin gidaje masai na tsugunno ne. Wanda ya zauna a kan na asibiti lafiya lau yana iya kasa tashi daga tsugunno a gida, don haka a tambayi irin banɗakin da nisansa da ɗakin kwanansa. Tambayar salla takan fito da gaskiya da sauri: "A tsaye kike salla ko a zaune? Tun yaushe? Wa ke kawo miki ruwan alwala?"

Wanda ke iya tafiya a gwada shi. Ya tashi daga kujera, ya yi mita 3, ya juyo ya zauna, ana duba agogo. Daƙiƙa 12 ko fiye na nufin haɗarin faɗuwa. A tambayi ko ya faɗi a shekarar nan.

Fata kuwa a duba ta da hannu, a cikin haske, ba ta saman zane ba. Ma'aunin Braden yana auna abu shida: jin taɓi, jiƙewar fata, yawan tashi, iya juya jiki, cin abinci, da gogayyar fata da shimfiɗa. Makinsa daga 6 zuwa 23 ne. 18 zuwa ƙasa akwai haɗarin gyambon kwanciya, 12 zuwa ƙasa haɗarin ya yi girma. Littattafai da yawa suna cewa a nemi ja a fata, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa, kuma wannan ne dalilin da ake makara. A nemi wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi sheƙi, wurin da ya fi zafi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi laushi, ko majinyaci ya zabura in an taɓa. Wuraren su ne gindin baya, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, gwiwar hannu, kafaɗa da ƙeya. Mai ciwon suga a cire masa takalmi, a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu.

A yaro mai wata 6 zuwa 59, a auna kaurin damtse na hagu da tef mai launin ja, rawaya da kore. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne. A danna bayan ƙafafu biyu na daƙiƙa uku, in ramin ya zauna a duka biyun tamowa mai tsanani ce ko da damtsen ya nuna kore. A babba, damtse ƙasa da santimita 23.5 alamar rama ce, haka ma zubewar kashi 5 cikin 100 na nauyi a wata uku zuwa shida ba da niyya ba. Inda ba tsohon awo, a tambayi ko zobe ko wando ya yi yawa.

Tsohon da ya yi shiru ƙwarai, yana yawan barci da rana, yana ruɗewa da dare, kada a ce tsufa ne ko iskokai. A tambayi 'yan uwa ko haka yake a makon jiya. A ce ya faɗi ranakun mako daga Asabar ya koma baya. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu yawanci tana da dalili da za a iya magancewa, kamar ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa, saukar suga ƙasa da 3.9 mmol/L a awon jini, ko wani magani, kuma likita ya kamata ya ji a take.

Sai damuwa. Tambayoyi biyu na PHQ-2 sun isa a fara: a mako biyu da suka wuce, sau nawa ya ji ba ya sha'awar abin da ya saba jin daɗinsa, sau nawa kuma ya ji baƙin ciki ko ɗebe tsammani. Kowace amsa daga 0 zuwa 3 ce, jimillar 3 zuwa sama na buƙatar ƙarin bincike. Mutanenmu ba kasafai suke cewa "ina baƙin ciki" ba. Za a ji "tunani ya yi mini yawa", "ba na barci", "jikina duk ya mutu", "zuciyata ba daɗi". Wanda ya ce gara ya mutu ya huta, a tambaye shi kai tsaye ko ya yi tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. In ya amsa, ba a barinsa shi kaɗai, kuma a sanar da likita a ranar.

Tambayar gida

Nan aikin ya fi wuya, nan kuma aka fi yin sakaci. Mutumin da aka tambaya gaban surukinsa da maƙwabtan gado ko yana da abinci a gida, "Alhamdulillahi" zai ce ko da tukunyarsa ta kwana biyu ba a ɗora ta ba. Rufin asiri yake yi, kuma haƙƙinsa ne. A ja labule, a nemi masu dubiya su ɗan ba da wuri, a zauna daidai da shi maimakon a tsaya masa a ka. A fara da bayanin dalili: "Inna, kowa nake yi wa waɗannan tambayoyi, don in san yadda za mu shirya komawarki gida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma abin da kika faɗa mini ba zai je kunnen kowa ba sai masu yi miki magani." Mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji, duk inda hali ya yi.

Tambayar da amsarta "i" ko "a'a" ce ba ta fito da komai. A maimakon "Kina da mai kula da ke?", a ce "Jiya da dare wa ya kwana a wurinki? In kika koma gida, wa zai tashi in kin kira da tsakar dare?" A nemi suna da shekaru da abin da mutumin ke yi da rana. Gida mai mutum ashirin yana iya zama ba mai jinya ko ɗaya, kowa na ganin aikin wani ne. In mai jinyar yarinya ce da aka cire daga makaranta, ko kishiyar da ba sa ga maciji, ko tsohon mijin da shi ma sanda yake dogarawa, a rubuta cewa ba mai jinya.

A kan abinci a ce "Me kika ci jiya daga safe zuwa dare?", sannan "A shekarar nan an yi lokacin da abinci ya ƙare kafin a samu na sayen wani?" Wannan ya shafi magani kai tsaye. Tsohon da ke shan glibenclamide, ƙwayar ciwon suga, yana tsallake abinci, suga na iya sauka ya sume. Masu shan maganin tarin fuka ko na cuta mai karya garkuwar jiki sukan daina saboda yunwar da yake tayar musu.

A kan kuɗi a ce "A wata uku da suka wuce, an yi lokacin da maganin ya ƙare kuka ɗan jira kafin a sayo, ko kuka raba ƙwaya biyu don ta kai?" Sai "Wa ya biya kuɗin wannan kwanciyar, kuma me aka sayar ko aka ranta?" Wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ko ya jinginar da gona don wannan zuwan, ba zai sake zuwa ba sai ana ɗauke da shi. A tambayi kuɗin mota zuwa da komawa na mutum biyu, tunda ba shi kaɗai zai zo ba, da ko hanyar na yankewa da damina ko saboda rashin tsaro.

Akwai tambayar da takardun ƙasashen waje ba sa ɗauke da ita, mu kuwa ba za mu tsallake ta ba: wa ke ba da izinin zuwa asibiti? Matar da mijinta ya tafi cirani, ba wanda zai ce ta fita sai shi, tana iya kwana uku da haki a ɗaki. A nemi lambar mai yanke shawarar, a yi magana da shi kafin sallama, a roƙi izini na dindindin in alamun haɗari sun bayyana. Wannan ya fi muhimmanci ga mai jego da zuciyarta ta yi rauni bayan haihuwa, ciwon da aka daɗe da sanin yawansa a ƙasar Hausa. A tambaye ta ko za a sa ta wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da shan kunun kanwa, a kuma yi bayanin illar gishirin kanwa ga uwarta ko surukarta, domin su ke da ikon hanawa.

Sauran a taƙaice: ko akwai waya a gidan da caji, ko akwai mai karanta boko ko ajami, ko 'yan gudun hijira ne, ko almajiri ne da iyayensa ke wani gari. Maganar duka ko tsoro a gida ba a yinta sai mutum yana shi kaɗai. Raunin da bai dace da labarin da aka bayar ba, ko majinyaciyar da kullum wani ke amsa tambaya a madadinta, dalili ne na neman keɓewa da ita.

Haɗa sakamako

A raba takarda gida biyu, jiki a dama, gida a hagu. Wanda ke da alama aƙalla ɗaya mai nauyi a kowane ɓangare ya shiga rajistar waɗanda za a fi sa wa ido. Wasu kuwa suna shiga kai tsaye ba sai an ƙirga ba: wanda ba ya iya tashi kuma ba mai jinya, yaron da awon damtsensa ya nuna ja kuma uwarsa ta rasu ko ba ta da lafiya, mai insulin da ba tabbacin abinci, mai tunanin kashe kansa, da wanda ake zargin ana cutar da shi. Wannan ƙa'idar aiki ce, kowane ɗaki zai iya gyara ta daidai da majinyatansa. Hasashen ma'aikaciyar jinya ma abin rubutawa ne. In maki ya ce lafiya amma ranta bai kwanta ba, ta sa sunan ta rubuta dalili.

Rajistar ta zauna a ofishin sista a kulle, da suna, lambobin waya biyu, kwatancen gida, matsalolin, da sunan ma'aikaci ɗaya da ya ɗauki nauyin mutumin. Ba a rubuta "mabuƙaci" a allon gado. A karanta sunayen a duk lokacin miƙa aiki, a sake aunawa kowane mako, da duk ranar da yanayi ya canza, da kwana biyu kafin sallama.

Bayan an gano

Tambayar mutum yunwarsa da bashinsa sannan a rufe folda a tafi cin fuska ne. Kafin a fara tantancewa, ɗakin ya tanadi jerin wuraren turawa da lambobin da aka gwada suna shiga: sashen jin daɗin jama'a na asibitin, cibiyar tamowa mafi kusa, cibiyar maganin tarin fuka inda ake ba da shi kyauta, hukumar zakka a jihohin da suke da ita kamar Kano da Sakkwato, da ƙaramin asibitin mazaɓar majinyacin. A Najeriya dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu don masu rauni, kuma hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi ke yin rajistar masu cin gajiya. A Nijar kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a dokance tun 2006. A bincika abin da ke aiki a zahiri a yankin kafin a yi wa iyali alƙawari.

Mai jinya a koya masa da hannu tun yana asibiti: juya majinyaci duk awa biyu, sa matashi a ƙarƙashin sharaɓa don dunduniya ta bar katifa, ba mai shanyewar jiki abinci yana zaune sosai, da ajiye insulin a leda a ɗaure cikin tulu mai ruwa a inuwa inda ba firji. Kada a tambaye shi "Ka gane?", domin kara za ta sa ya ce ya gane. A ce "Malam, nuna mini yadda za ka yi in kun koma gida." Mai ciwon zuciya a gaya masa cewa ƙarin kilo biyu cikin kwana uku, ko kasa kwanciya sai an tara matasai, dalilin dawowa ne a ranar. In azumi ya gabato, mai insulin da mai ciwon ƙoda su ga likita kafin a ga wata. A kira waya cikin kwana biyu zuwa uku bayan sallama, a sa ranar dawowa cikin mako ɗaya, a haɗa ta da ranar kasuwar garinsu in a ranar ne mota ke samuwa.

Inda ake tuntuɓe

Kuskuren farko shi ne cika rajista da sunayen da suka fi ƙarfin ma'aikata. In mutum biyu ne za su bibiya, suna goma da za a kira da gaske sun fi arba'in da za su zauna a littafi. A fara da mafi tsanani, a faɗaɗa a hankali.

Na biyu ya shafi auna nasara. A garin Camden na jihar New Jersey a Amurka an yi wani shiri da ya yi suna, inda ma'aikatan jinya da na jin daɗin jama'a ke bin masu yawan kwanciya har gida, kuma kwanciyarsu ta ragu bayan sun shiga shirin. Da aka gwada shi a kan mutum 800, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu a cikin shirin wasu ba a ciki ba, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna kusan kashi 62 cikin 100 sun koma asibiti cikin kwana 180 a duka ɓangarorin. Wanda aka zaɓa a lokacin da ciwonsa ya kai ƙololuwa, yawan kwanciyarsa kan ragu da kansa ko ba a yi masa komai ba. Saboda haka kada ɗaki ya dogara da kwatanta "kafin" da "bayan". Raguwar dawowa ma a wurinmu tana iya nufin mutum ya rasu a gida ko kuɗin mota ya gagara. A ƙirga abin da ake iya tabbatarwa: mutum nawa aka samu a waya, nawa ke da magani a hannu a ranar kiran, nawa suka zo ranar da aka sa musu, nawa suka fita ba gyambo kuma ba gyambo bayan wata ɗaya. Wanda aka kira sau uku a ranaku daban-daban ba a same shi ba, a aika sunansa da kwatancen gidansa ga jami'in lafiya na ƙaramin asibitin unguwarsu, ko ga mai unguwa in majinyacin ya yarda da haka tun kafin sallama, a rubuta ranar da aka aika da ranar da za a sake tambaya.